Darasi: Asma, babur da tsadar fetur a Legas

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, barkanmu da war haka. Daga ƙofar gida nake magana yau, nan Agege, babban ɗana ne ke riƙe da wayar. In kun ji ƙarar janareton maƙwabta ku yi haƙuri. Ga babur ɗina nan a gefe, Bajaj Boxer ne, da shi nake kai yara makaranta da safe, da shi nake ɗaukar fasinja har bayan la'asar. Wannan ƙaramin abin da ke hannuna kuma inhela ce, wato abin shaƙar maganin asma. Ina da asma tun ina saurayi. Ni ba likita ba ne, abin da likita ya koya mini da abin da titi ya koya mini zan faɗa muku.

Abin da ya sa na yi wannan darasi, kwanaki a tasha na ga wani ƙanenmu yana numfashi da ƙyar, kana jin fito na tashi daga ƙirjinsa. Na ce masa, "Ƙanena, ina abin shaƙarka?" Ya ce ta ƙare tun makon jiya, kuɗin ya zuba mai da su. Wallahi ranar na koma gida jikina a sanyaye, domin ni ma na taɓa yin irin wannan lissafin.

Kowa ya san yadda aka faro. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, muna shan lita ƙasa da naira 200. A ranar ce Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo lita ta doshi 500 a nan Legas. Zuwa Oktoban 2024 ta kai bakin naira 1,000. Kafin wannan kuma, tun 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin Legas ta Gwamna Sanwo-Olu ta hana okada a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Wato wurin nema ya ragu, mai ya ƙaru, haya ta ƙaru, maganin ma ya ƙaru. To a irin wannan hali abin da mutum ke fara yankewa shi ne magani, tunda rashinsa ba ya nunawa a ranar. A nan ne muke cutar kanmu.

Bari mu fara da ciwon. Asma daban, tarin fuka daban, domin akwai masu haɗa su. Asma ba a ɗaukarta daga wani. Hanyoyin iska ne na cikin huhu suke kumbura, su tsuke, majina ta taru, sai iska ta rasa hanya. Shi ya sa magungunan suke iri biyu. Akwai ta buɗewa, yawanci shuɗiya, maganin cikinta salbutamol, tana aiki cikin 'yan mintuna. Akwai kuma ta rigakafi, sau da yawa ruwan ƙasa, wadda ake shaƙa kullum ko da kana jin garau, ita ce ke kwantar da kumburin. Mu 'yan babur shuɗiyar muka sani, saboda ita ce ake jin aikinta nan take. Na yi shekaru a haka. Sai da likita ya ce mini, duk wanda ke buƙatar shuɗiyar sau uku ko fiye a mako, ko tari ke tashinsa cikin dare, ciwonsa bai kwanta ba, ya zo a duba shi. Tunda na riƙe ta rigakafin, shuɗiya ɗaya tana yi mini watanni. A da wata ɗaya ma ba ta kaiwa. Ku lissafa da kanku: yawancinsu fesawa 200 ne a ciki, in kana yin biyu sau huɗu a rana, kwana 25 ta ƙare.

Yanzu ku duba yadda ake shaƙa, don da yawanmu ɓarnar magani muke yi. Matso da wayar kaɗan, yarona. Ka cire murfi, ka girgiza ta sosai. Ka miƙe zaune ko tsaye. Ka fitar da numfashi a hankali, ba cikin inhelar ba, gefe. Ka sa bakinta tsakanin haƙora, ka rufe da leɓe. Ka fara jan iska a hankali, kana cikin ja sai ka danna sau ɗaya, ka ci gaba da ja har ƙirji ya cika. Ka riƙe numfashi, ka ƙirga goma in za ka iya. In za ka ƙara ta biyu, ka jira kamar rabin minti, ka sake girgizawa. Kada ka danna biyu a jere. In ka ga hayaƙi na fita ta baki ko hanci, maganin bai shiga ba, kuɗinka ne ya bi iska.

Akwai wata roba da ake haɗawa a bakin inhela, ana kiranta sifesa. Ka fesa a cikinta, ka ja a hankali, magani ya fi isa huhu. Ga yara ma dole ce. Inda babu ita, ma'aikatan lafiya kan haɗa ta da gorar ruwa ta roba mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin inhelar. Ka roƙi nas ta nuna maka. Sannan bayan ka shaƙi ta rigakafi, ka kuskure baki ka zubar, don kada farin ƙuraje su fito maka a harshe.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: inhelar da ta ƙare tana iya ci gaba da huci alhali babu magani a ciki. Ni da biro nake rubuta ranar da na buɗe ta a jikin kwalin. Kuma kada ka ajiye ta a ƙarƙashin kujerar babur ko kusa da inji, zafi na lalata ta. Aljihun gaba ne wurinta. Maman yara ta san inda ta biyun take a ɗaki, yaran ma sun sani.

To mu koma kan babur. Abin da na lura da shi, duk abin da ke shanye maka mai shi ne ke cika maka ƙirji da hayaƙi. In filtar iska ta toshe da ƙura, inji ba ya samun iska, sai ya riƙa zuƙar fetur fiye da kima, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Ka kwance fulogi ka duba. In bakinsa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, mai na ƙonewa a banza, ka kai wa bakanike ya saita kafireto. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Filtar nan kuma ba ni nake kakkaɓe ta ba, na daina, domin ranar da na hura ta da baki kwana na yi a zaune. Bakanike nake ba wa, in koma gefe.

Taya mai ƙarancin iska tana jan mai, don haka duk mako ina tsayawa wurin mai faci. Sarƙa a sa mata mai, kada ta yi sako-sako, kada kuma ta ɗaure tamau. Baƙin mai a canza a kan lokaci. Ka daina murɗa totur a tsaye, ka daina fizga da taka birki. In cunkoso ya tsaya cak, irin na Iyana Ipaja ko Abule Egba da yamma, ka kashe inji. Kuma don Allah kada ka laɓe a bayan danfo ko tirela, bakin salansarsu daidai fuskarka yake. Ka ja baya ko ka koma gefen da iska ke fitowa. Ina sa takunkumi a ƙarƙashin hular kwano, yana tare ƙura, amma ba ya tare warin mai da hayaƙi duka, kada ya ruɗe ka.

Akwai halaye biyu da tsadar mai ta koya mana, duka biyun haɗari ne. Na ɗaya, zuƙo fetur da tiyo ta baki. Ɗigo kaɗan ya faɗa huhu ya isa ya kwantar da mai lafiya, balle mu. Na biyu, ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana don kada a ƙara kuɗi gobe. Ɗaki ɗaya ne da yawanmu, ga yara, ga risho, ga warin da ke tayar da ciwo cikin dare.

Tunda na ambaci ɗaki, igiyar leko mun daina kunnawa, gidan sauro muke ɗaurawa. Turaren wuta kuwa, maman yara ta yi mini kara, sai na fita take sawa ta buɗe taga. Da damina bangon Legas na yin fumfuna, ga kyankyasai, duka suna tayar da asma. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura da sanyin asuba ne abokan gaba, sai in rufe hanci da baki kafin in tayar da babur. Sannan maganin ciwon jiki da muke saya a kemis bayan an tashi aiki: asfirin, ibuprofen da diclofenac suna tayar wa wasu masu asma da ciwo. Ka gaya wa mai kemis kana da asma kafin ya haɗa maka komai.

In ciwo ya taso kana kan hanya, ka tsaya. Ko fasinja zai yi faɗa, ko yara za su makara, ka faka a gefe nesa da hayaƙi. Ka zauna a miƙe, kada ka kwanta. Ka shaƙi shuɗiyar, fesawa ɗaya duk bayan rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa goma. In ba ka iya ƙarasa magana, ko leɓenka ya sauya launi, ko ka yi goman babu sauƙi, asibiti kai tsaye, kuma wani ne zai kai ka, ba kai za ka tuƙa ba. Lambobin gaggawa na Legas 112 ne da 767. Babban ɗana ya haddace su.

Batun kuɗi, ga yadda nake yi. Duk yamma kafin in ware na mai, kafin na cefane, ina jefa wani abu a gwangwani, maman yara ke riƙe da shi, ba a taɓa shi sai don magani. Na kuma rage yawon neman fasinja da tanki, ina tsayawa a tasha, ina da masu kirana ta waya. Akwai inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, ku je cibiyar lafiya mafi kusa ku tambayi yadda ake shiga da abin da take ɗauka.

Wancan ƙanen namu, mun haɗa masa kuɗi a tasha ya sayi inhela, na kuma raka shi asibiti aka rubuta masa ta rigakafi. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kira bakanike, mu kwance kafireto a gabanku ku ga yadda ake saita shi. Yarona, kashe wayar, an kira magariba. Wassalamu alaikum.