Bin Sawu a Littattafan Almara: Lacca a Kan Hasashen Masu Karatu

Assalamu alaikum. Na gode da zuwanku. Tun da wuri ina neman afuwa, domin zan tona asirin wasu littattafai a cikin wannan magana. Wanda bai karanta su ba, kuma yake da niyya, ya yi haƙuri da ni, ba yadda za a yi a tattauna hasashe ba tare da an faɗi abin da aka hasasa ba.

Abin da ya tara mu shi ne wata ɗabi'a ta masoya manyan littattafan almara, irin waɗanda marubuci ke gina duniya sukutum, da sarakunanta da harsunanta da tarihinta da sihirinta. Mutum ya gama littafi mai shafi ɗari takwas, maimakon ya ajiye, sai ya koma shafin farko da alƙalami a hannu, yana bin sawu kamar mafarauci. Wane ne mahaifin wane? Me ya sa wannan sihiri ya ci a nan, ya ƙi ci a can? Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Ni kuwa ina ganin karatu ne na hakika, kuma na zo in kare shi, tare da nuna inda yake lalacewa.

Mu fara da sihirin kansa. A shekarar 2007 marubucin Amurka Brandon Sanderson ya rubuta wata maƙala da ta shahara, inda ya ce gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin labari, gwargwadon yadda marubuci zai iya warware matsala da shi. Ku lura da abin da wannan ke nufi. Idan ban san iyakar ƙarfin matsafi ba, duk ranar da ya kuɓutar da jarumi zan ji an yi mini wayo. Idan kuwa na san ƙa'idojin, sai in zauna ina lissafi tare da jarumin, ina neman mafita kafin ya same ta. Daga nan hasashe ke tsirowa.

Ga misali daga littafinsa Mistborn na 2006. Masu sihiri a can suna haɗiye ɓarɓashin ƙarfe, su ƙona shi a cikinsu, kowane ƙarfe da irin ikon da yake bayarwa. Baƙin ƙarfe yana jawo ƙarafan da ke kusa, gaurayensa yana tura su. Kuza tana kaifafa gani da ji, gaurayenta yana ƙara ƙarfin jiki. Tutiya tana zuga zuciyar mutum, gaurayenta yana kwantar da ita. Kun ga tsarin? Biyu-biyu ne, tsantsar ƙarfe da gaurayensa, ɗaya na ja, ɗaya na turawa. To sai a gaya maka akwai zinariya da wani ƙarfe mai suna atium, wai su ma tagwaye ne. Mai karatu mai lura zai tsaya. Ai babu wanda yake gaurayen ɗan'uwansa a cikinsu. Ashe kenan kowannensu na da abokin da ba a gano ba, ashe kenan abin da mutanen wannan duniya suka sani game da sihirinsu bai cika ba, ko ma wani ne ya ɓoye musu da gangan. Kuma haka ta kasance. Abin da ya fi burge ni shi ne jarumar labarin, Vin, ita ma irin wannan lissafi ta yi. A littafi na farko an tilasta mata ƙona alminiyom, ya shanye mata dukan ikonta. A na biyu sai ta ce lallai wannan ƙarfe yana da gauraye mai yin akasin haka, ta sa aka yi ta gwaji har aka dace. Daga ƙarshe adadin ƙarafan ya tsaya a 16. Marubucin ya ajiye tebur mai gurabe, wasu a cike, wasu babu komai, ya bar mu mu ƙirga.

Amma kada ku ɗauka sai sihiri mai ƙa'ida kamar darasin kimiyya ne ke haifar da hasashe. Ursula Le Guin, a littafinta A Wizard of Earthsea na 1968, doka guda ta kafa: kowane abu yana da sunansa na gaskiya, wanda ya san sunan ya mallaki abin. Sai ta saki wata inuwa marar suna tana farautar yaron nan Ged. Wanda ya riƙe dokar da kyau zai iya jin amsar tana matsowa tun kafin shafin ƙarshe, cewa sunan inuwar sunansa ne. Doka ɗaya tak, ta isa.

Yanzu mu zo ga tarihin duniyar labari, inda hasashe ya fi yawa. Babu misalin da ya kai na George R. R. Martin. A Game of Thrones, littafin farko a jerin littattafansa, ya fito a 1996. An gabatar mana da Jon Snow a matsayin ɗan da Ned Stark ya haifa ba da aure ba, kuma Ned ba ya yarda a ambaci uwar yaron. To, amma Ned mutum ne da aka sani da riƙon amana har ya zame masa halaka. Wannan shi ne tsagi na farko. Na biyu, a cikin mafarkin zazzaɓi Ned yana tuna wata hasumiya inda ya tarar da ƙanwarsa Lyanna kwance cikin jini, tana roƙon ya yi mata alkawari, ba a faɗa mana alkawarin mene ne ba. Na uku, kuma wannan ne ya fi ƙarfi a wurina: dogarai uku daga cikin masu tsaron sarki ne ke gadin hasumiyar. An kashe sarki, an kashe yarima Rhaegar, sauran 'ya'yan gidan sarauta suna wani wuri, to me ya tsayar da waɗannan ukun a ƙofar mace ɗaya a lungun duniya? Rantsuwarsu ta tsare jinin sarauta ce. Sai a littafi na biyu, na 1998, Daenerys, ƙanwar Rhaegar, ta ga wahayin shuɗin fure yana tsirowa daga tsagin katangar ƙanƙara. Shuɗin fure alamar Lyanna ce, katangar ƙanƙara kuwa can Jon yake. Masu karatu suka haɗa waɗannan, suka ce Jon ɗan Rhaegar ne da Lyanna. Shekaru kusan ashirin ana riƙe da wannan magana kafin shirin talabijin da aka gina a kan littattafan ya tabbatar da ita a 2016 da 2017. Littattafan kansu har yau ba su furta ba, domin na biyar ya fito a 2011, na shida kuwa ana jira.

Ku dubi yadda aka gina wannan hasashe. Kowace hujja tana da shafi. Kowace za ka iya buɗe littafi ka nuna wa mai musu. Kuma ya bayyana abubuwan da suke a dagule: shirun Ned, dogaran nan uku, furen. Wannan shi ne ma'aunina. Hasashe nagari yana rage tambayoyi, ba ya ƙara su, kuma da littafi na gaba zai zo da akasinsa, sai mai shi ya ce na faɗi.

Martin kansa ya yi magana a kan wannan, kuma na yarda da shi. Ya nuna cewa ba zai sauya ƙarshen labari don wasu sun gano ba. Misalin da ya kawo na labarin kisa ne: idan ka shuka alamu cewa baran gida ne ya yi kisan, sai ka ji an gano, ka mayar da laifin kan wata baranya, to duk alamun da ka shuka sun zama ƙarya. Wanda ya gano sirrinka bai ci ka da yaƙi ba, ya shaida cewa gininka na da tushe.

Wani lokaci sawun ma ba a cikin labarin yake ba. A 2005, a littafi na shida na Harry Potter, an sami takarda mai sa hannun R.A.B. Mutane suka yi zargin Regulus Black ne, wani ɗan gidan Black da aka taɓa ambata a labarin. Me ya ƙarfafa zargin? Fassara. A fassarar harshen Holand sunan gidan Black ya koma Zwarts, sai sa hannun ya fito R.A.Z. Harafin ƙarshe ya bi sunan gidan. Littafi na bakwai ya tabbatar a 2007.

To, ina abin yake lalacewa? Wuri na farko shi ne idan mutum ya riga ya yanke abin da yake so, sannan ya shiga littafi neman shaida. Akwai masu cewa a The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, matsafin nan Gandalf ya yi niyyar kai zoben sihirin da ake son halakawa a kan gaggafa ne a asirce, wai shi ya sa da zai faɗa rami ya ce wa abokan tafiyarsa su tashi. Kalmar da Tolkien ya yi amfani da ita tana nufin tashi sama, tana kuma nufin gudu, kuma a wurin gudu take nufi, domin maƙiya na bayansu. Kalma ɗaya aka ɗora wa kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ban ƙi a yi nishaɗi da shi ba, amma ba karatu ba ne. Ku kwatanta da gardamar ko dodon nan Balrog yana da fukafukai. A wuri ɗaya Tolkien ya ce inuwarsa ta miƙe kamar fukafukai biyu, kaɗan gaba ya ce fukafukansa sun bazu daga bango zuwa bango. Kamance ne ya ci gaba, ko zahiri ne? Duka ɓangarorin na da jimla a hannu. Wannan gardama ina girmama ta, ko da ba za ta ƙare ba.

Wuri na biyu ya fi damuna. Shi ne mayar da bakin marubuci alƙali a maimakon littafi. Robert Jordan, mai The Wheel of Time da ya fara fitowa a 1990, yana da amsa guda da yake ba masu tambayarsa abin da ke gaba, wadda masoyansa suka taƙaita da RAFO, ma'ana ka karanta ka gani. A ƙarshen littafi na biyar, a 1993, wani ya kashe Asmodean, ɗaya daga cikin manyan miyagun labarin, ba a nuna ko wane ne ba. Jordan ya ce alamun da ya bari sun isa. Aka shekara 17 ana tankiya, ana lissafin wa yake ina a wannan sa'a, wa ke da dalili, wa Asmodean zai gani ya gane nan take. Jordan ya rasu a 2007. Sanderson ne ya kammala jerin daga bayanan da ya bari, kuma amsar ta fito a 2010, ba ma a cikin labari ba, a jerin bayanin sunaye na ƙarshen littafi: Graendal ce, ita ma ɗaya daga cikin manyan miyagun. Waɗancan shekaru 17 sun sa dubban mutane sun karanta littattafan sau uku, sau huɗu. Da Jordan ya amsa a ranar farko, da duk wannan bai faru ba.

Yau kuwa ana tara duk amsar da marubuci ya bayar a wurin sa hannu a littafi ko a hira, a adana, a riƙa kafa hujja da ita. Sanderson yana da karamci wajen amsawa, kuma masoyansa na da babbar taska ta maganganunsa. Ban ce haramun ba ne. Amma ku tuna yadda aka gano Hoid, wani mutum da ke ɓullowa a littattafan Sanderson daban-daban: masu karatu ne suka ga suna ɗaya a Elantris na 2005, suka sake ganinsa a Mistborn, duniyoyi daban, suka ce to fa, waɗannan littattafai sararin samaniya ɗaya suke ciki. Ido ne ya gano wannan. Idan aka kai matsayin da sabon mai karatu zai kawo fahimtarsa daga shafi, a rufe masa baki da cewa marubuci ya faɗi kaza a wata hira, to an mayar da littafi abin da bai cika ba sai da rataye.

Akwai kuma ƙofar da mai gida ya rufe da gangan. A The Lord of the Rings, Tom Bombadil ya sa zoben da kowa ke tsoro, mai ɓatar da wanda ya sa shi daga gani, bai ɓace ba, zoben bai yi masa komai ba. An ce ruhin ƙasa ne, an ce ɗaya daga cikin manyan halittun farko ne, an faɗi abubuwa da yawa. Tolkien ya rubuta a wata wasiƙa ta 1954 cewa ko a zamanin almara dole a sami abin da ba a warware ba, kuma Bombadil ɗaya ne, da niyya. Ni ina karanta babin nan duk shekara, kuma ba na son a warware mini shi.

Na ga hannu a can baya. Bismilla, 'yar'uwa.

Tambaya: Malam, idan marubuci ya rasu, ko ya kasa gama jerin, wane ne zai raba gardama? Ba aikin banza muke yi ba kenan?

Tambaya ce mai nauyi, kuma na san daga inda ta fito. Masu jiran littafi na uku na Patrick Rothfuss suna jira tun 2011. A littafi na biyu akwai wata waƙar zolaya da mahaifin Kvothe, jarumin labarin, ya yi wa matarsa, wadda idan ka karanta layinta na ƙarshe da ƙarfi, sautin ya yi kama da sunan Netalia Lackless, 'yar babban gida da ta gudu da mawaƙan yawo. Daga nan aka ce ita ce mahaifiyar Kvothe. Babu littafin da ya tabbatar tukuna. Amma 'yar'uwa, wanda ya gano wannan da kunne ya gano shi, sai da ya ɗaga murya ya karanta waƙar. Je ki buɗe wurin yau da dare, ki karanta layin da ƙarfi, ki ji da kunnenki, sannan ki koma babin da Kvothe ya zauna cin abinci kusa da Meluan Lackless, 'yar'uwar Netalia, yana ta mamakin inda ya san fuskarta.