Gidan tarihin da aka gina a kan daɓen falon wani attajirin Rumawa

Jama'a barkanmu da warhaka, yau Jamus muka nufa, birnin Kolon da ke bakin kogin Rayin, don ganin gidan tarihin kayan Rumawa da ke can. Garin nan Rumawa ne suka raya shi, tun shekara ta 50 miladiyya sarkinsu Kalaudiyus ya ɗaga darajarsa saboda matarsa Agrippina haifaffiyar can ce, shi ya sa har yau in aka yi haƙa a tsakiyar gari da wuya a tashi hannu rabbana.

To a 1941 ana tsaka da yaƙin duniya na biyu, leburori na haƙa ramin fakewa daga bama-bamai dab da babbar cocin garin, kawai sai ga daɓe ya bayyana. Zanen da ke kan daɓen nan wallahi ba fenti ba ne, 'yan mitsi-mitsin duwatsu ne masu kala fiye da miliyan ɗaya aka jera su ɗaya bayan ɗaya, faɗin wajen murabba'in mita 70, ga Dionysus abin bautar mutanen wancan zamani na giya a tsakiya ya bugu ya jingina da wani, kewaye da shi masu rawa da tsuntsaye da 'ya'yan itace. Falon cin abincin wani mai hannu da shuni ne, wajen shekara ta 220. Abin da ya burge ni, ba su ɓamɓare shi sun kai wani wuri ba, gidan tarihin ne suka gina a kansa aka buɗe a 1974.

A cikin gidan tarihin kuma akwai kabarin Poblicius, wani tsohon sojan Rumawa, tsayinsa kusan mita 15. Wannan kuma wasu samari ne suka tono duwatsunsa a ƙarƙashin gidan iyayensu daga 1965, hukuma ta hana amma suka ci gaba a ɓoye, ƙarfin hali fa!

Ɓangaren gilashi kam sai wanda ya gani, akwai wani kofi na ƙarni na 4 da aka sassaƙa masa raga a jiki, ragar da kofin duk daga gilashi guda.

Amma mai niyyar zuwa ya sani, an rufe ginin tun ƙarshen 2018 don gyara, a 2019 aka kwashe wasu kayan zuwa wani gini da ake kira Gidan Beljiyam.