Paul Robeson: ɗan bawan da ya gudu, shi kuma ya ƙi guduwa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau labarin Paul Robeson ne, mawaƙi kuma ɗan wasan kwaikwayo baƙar fata na Amurka, amma ba da mawaƙin zan fara ba, da babansa zan fara, don in ba ku san baban ba to wallahi ba za ku gane taurin kan ɗan ba.

A 1860, a jihar North Carolina ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 15 mai suna William Drew Robeson ya sulale daga gonar da ake bautar da shi ya yi arewa. Bawa ne fa, dukiyar wani, in aka kama shi kashinsa ya bushe. Amma Allah ya yi masa gyaɗar dogo, ya tsira, ya yi karatu har jami'ar Lincoln, ya zama fasto a wani cocin baƙaƙen fata a garin Princeton, kusan shekara 20 yana riƙe da wajen. Matar da ya aura kuwa, Maria Louisa Bustill, malamar makaranta ce, ƴar babban gida ce a Philadelphia, danginta sun daɗe da ƴanci, kakan babanta Cyrus Bustill mai gidan burodi ne da ya gasa wa sojojin George Washington burodi tun zamanin yaƙin neman ƴancin Amurka. Kun ga gida biyu kenan, ɗaya jiya-jiya ya kwance sarƙa, ɗayan kuma tun ƙasar na jaririya suna cikinta.

Paul shine autansu, an haife shi ranar 9 ga Afrilu 1898. Kuma bai wani daɗe yana shan gata ba, don a 1901 aka matsa wa baban lamba ya bar cocin, babban malami guda ya koma tuƙa keken doki da kwashe tokar gidajen mutane. Sai 1904, mahaifiyar, wadda dama idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, garwashi ya faɗo daga murhu ya kama mata riga, wutar ta yi ajalinta. Paul ko shekara 6 bai cika ba.

To tsohon nan shi ya rene shi, kuma ba ya wasa da karatu ko kaɗan. Da Paul ya shiga jami'ar Rutgers a 1915 shine baƙar fata na 3 da ya taɓa shiga makarantar, ya je gwajin shiga ƙungiyar ƙwallon Amurka irin wadda ake runguma da ture-turen nan, sai ƴan ƙungiyar tasa da kansu, ba abokan hamayya ba fa, suka taru suka fasa masa hanci suka gurɗe masa kafaɗa don dai ya haƙura ya tafi. Ya warke ya dawo. Ƙarshenta sau 2 ana saka shi cikin gwanayen ƴan wasan ƙasar baki ɗaya, kuma a 1919 shi ya yi jawabin bankwana a madadin ƴan ajinsu. Baban bai ga wannan ranar ba, ya rasu a 1918.

Daga nan ya karanta lauya a jami'ar Columbia, ya samu aiki a wani ofishin lauyoyi a New York, wata sakatariya farar fata ta ce ita fa ba za ta rubuta abin da baƙi ya faɗa mata ba. Shi kenan ya tattara nasa ya nasa ya bar aikin. Matarsa Eslanda Goode, da suka yi aure a 1921, ita ta dage masa ya gwada wasan kwaikwayo, ita ce manajarsa, kuma ba ƙaramar mace ba ce, ta karanci kimiyyar sinadarai, daga baya ta zama masaniyar al'adun al'umma har ta zagaya Afirka ta rubuta littafi. Ɗansu ɗaya, Paul ƙarami, 1927. Auren dai ya sha girgiza don gogan naku bai tsaya wa mace ɗaya ba, har sun kusa rabuwa, amma suna tare har ta rasu a 1965.

Muryar kuwa, kai! Ku nemo ku saurara da kanku, wata irin murya ce mai kauri kamar daga ƙasan rijiya take fitowa, ga mutum dogo ƙaƙƙarfa. Ya ɗauko waƙoƙin da bayi ke rerawa a gona da coci ya kai su manyan zaurukan Turai. Ya fito a Othello, wasan kwaikwayon Shakespeare, a Landan a 1930, sannan a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, daga 1943 aka yi wasan sau 296. Amma akwai fim ɗin da ya ƙona masa rai, Sanders of the River na 1935, labarin a Najeriya aka saita shi zamanin mulkin mallaka, shi ya fito a sarki, yana zaton zai nuna martabar Afirka ne, da aka gama yanke-yanke sai ga fim ya koma kirarin Turawan mulki. Ya fito fili ya barranta da shi. Wani abin mamaki, cikin ƴan cike gurbi a fim ɗin har da Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya. A Landan ɗin ne Robeson ya shiga SOAS, makarantar nazarin Afirka da Gabas ta jami'ar Landan, yana koyon Swahili, ya saba da ɗaliban Afirka, ya ƙulla zumunci da masu haƙar kwal na Wales, a 1937 kuma aka kafa wata ƙungiya mai suna Council on African Affairs da shi don yaƙar mulkin mallaka.

Inda aka samu matsala shine Tarayyar Sobiyat. Ya je Mosko a 1934 ya ce a can ne ya fara jin kansa cikakken mutum, daga nan ya riƙe su gam. Gaskiya a nan ni ban wanke shi ba, don ɗansa da kansa ya ba da labarin cewa a 1949 wani abokinsa marubuci Bayahude, Itzik Feffer, ya yi masa ishara a Mosko cewa gwamnatin Sobiyat na kashe Yahudawa irinsa, amma da Robeson ya dawo gida bai fito ya faɗa ba, aka harbe Feffer a 1952, shi kuma ya karɓi lambar yabo mai sunan Stalin, shugaban Sobiyat ɗin na lokacin. Wannan tabo ne, ba yadda za a yi a goge shi.

Sai dai abin da gwamnatin Amurka ta yi masa shima ba kyan gani. Saboda wannan alaƙa tasa da Sobiyat, a 1950 aka ƙwace fasfonsa, aka rufe masa zaurukan waƙa, faya-fayensa suka ɓace daga kanti. To ku ji dabara: a Mayun 1952 da aka hana shi shiga Kanada, sai ya hau bayan babbar mota a daidai bakin iyaka, shi yana tsaye a Amurka, dubban mutane suna tsallaken iyaka a Kanada suna sauraro. A 1957 kuma ta wayar tarho ya yi waƙa daga New York, jama'a na zaune a zaure a Landan, aka jona layin da lasifika, haka ma ya yi wa masu haƙar kwal ɗin Wales.

Ranar 12 ga Yunin 1956 kwamitin majalisar wakilai mai farautar ƴan gurguzu ya titsiye shi, wani ɗan majalisa ya ce masa to me ya hana ka zama a Rasha? Ya ce saboda ubana bawa ne, mutanena sun mutu wajen gina ƙasar nan, kuma a nan zan zauna in samu rabona a cikinta kamar yadda kai ma kake da shi. Kun tuna yaron nan ɗan shekara 15 ko? To jininsa ne ke magana.

Sai 1958 aka mayar masa da fasfo bayan wani hukuncin kotun ƙoli, shekara 8 sun tafi, ya ɗan zagaya duniya amma lafiya ta ƙi, ciwon damuwa ya kwantar da shi a asibitoci a Mosko da Landan. Ya koma gida a 1963, bayan rasuwar Eslanda ya tare a gidan yayarsa Marian a Philadelphia, ba ya fita, ba ya hira da ƴan jarida, a nan garin ya rasu ranar 23 ga Janairun 1976 yana da shekara 77. A Harlem aka yi jana'izarsa, a cocin Mother AME Zion, inda yayansa Ben ya shafe shekaru yana fasto kamar babansu.