Kaka 14 a jere Buffalo Sabres ba ta leƙa zagayen neman kofi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga Jidda. Yau ba kasuwa za mu shiga ba, ba kuma zancen iƙama ko kuɗin masauki lokacin Umara za mu yi ba. Rigar nan da ke jikina ce ta tara mu. Bari in matso kusa da kyamara ku gani da kyau: shuɗiya ce da ratsin ruwan ɗorawa, ga farar ɓauna a tsakiya, ga takubba biyu a gicciye ƙarƙashinta. Rigar Buffalo Sabres ke nan, ƙungiyar wasan hoki na ƙanƙara da ke jihar New York a Amurka, dab da iyakar Kanada. Kakar 2024 zuwa 2025 ta ƙare a watan Afrilu 2025, kuma Sabres ta sake tattara kayanta ta tafi gida ba tare da ta shiga zagayen neman kofi ba. Karo na 14 ke nan a jere. A tarihin NHL kaf, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, babu ƙungiyar da ta taɓa daɗewa haka a waje.

Wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Fili ne na ƙanƙara mai katanga kewaye, kowane ɓangare mutum 6 har da gola, a ƙafarsu takalma masu ƙarfe kamar wuƙa da suke zamiya a kai. Maimakon ƙwallo, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri ake bugawa da sanda zuwa raga. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Ƙungiyoyi 32 ne, kowacce ta buga wasa 82, sannan 16 su wuce zagayen fitar da gwani inda ake neman kofin Stanley. Ku lura da wannan lissafi: rabin ƙungiyoyin ne ke wucewa duk shekara. Rabi cur. Amma bayan 2011 har zuwa 2025 Buffalo ba ta samu shiga cikin rabin nan ba.

Wani abokin aikina Ba'amurke, ɗan yankin Buffalo, shi ya fara nuna mini wasan a wayarsa lokacin hutun cin abinci. Saurin ne ya fara kama ni, daga baya tarihin ƙungiyar ya riƙe ni. Shi ya gama kwantiraginsa ya koma ƙasarsu, ni kuma na ci gaba da bi. Idan an fara wasa ƙarfe 7 na yamma a can, a nan Jidda ƙarfe 3 na dare ne lokacin hunturunsu, in sun canza agogo a watan Maris ya koma ƙarfe 2. A azumin da ya wuce abin ya zo mini daidai, domin ana cikin wasa nake yin sahur, a tashi kafin kiran asuba. Kawu da muke ɗaki ɗaya da shi yakan farka ya same ni da waya a hannu, ya ce, "Ɗana, mutanen naka sun ci kuwa yau?" Bai san dokokin wasan ba, amma yana tambaya saboda ya ga abin ya dame ni, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Kada ku ɗauka ƙungiyar banza ce tun asali. An kafa ta a 1970, kuma cikin shekara biyar ta kai wasan ƙarshe, a 1975, da 'yan gabanta uku da har yau ake ambato: Gilbert Perreault da Rick Martin da René Robert. Philadelphia ce ta doke ta. A 1999 ta sake kaiwa, da gola Dominik Hašek ɗan ƙasar Cek, mutumin da aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya sau biyu a jere, 1997 da 1998, abin da wani gola bai taɓa yi ba. A wasa na shida na jerin wasannin ƙarshe da Dallas, a ƙarin lokaci na uku, Brett Hull na Dallas ya zura wadda ta ba su kofi alhali ƙafarsa na cikin da'irar gola. A waccan kakar an soke ƙwallaye da dama saboda irin wannan, amma ranar aka bar ta. Mutanen Buffalo har gobe ba su yarda an ci su ba. A kakar 2006 zuwa 2007 kuwa Sabres ce ta zo ta ɗaya a teburin gasar, sai ga shi rana ɗaya, 1 ga Yuli 2007, kyaftin ɗinta biyu, Chris Drury da Daniel Brière, suka tafi wasu ƙungiyoyin. Tun daga shekarar har zuwa 2025 ba ta sake fitar da kowa a zagayen neman kofi ba.

To, ina matsalar take? A ganina ta faro ne daga ranar da ƙungiyar ta yarda cewa faɗuwa hanya ce ta samun nasara.

Bari in yi bayani, don mu da muka taso da ƙwallon ƙafa abin zai zo mana baƙo. A wurinmu, wanda ya ƙare a ƙasan teburi faɗuwa yake yi zuwa rukuni na biyu. Mun gani da idonmu a nan Jidda a 2022, lokacin da Al-Ahli ta faɗi karon farko a tarihinta, garin nan ya girgiza. A shekarar ce kuma Kano Pillars ta faɗi a gida. Dukansu biyu kaka ɗaya suka yi suka dawo, saboda zafin abin ya sa kowa ya tashi tsaye, daga shugabanni har magoya baya. A NHL babu faɗuwa. Wanda ya zo na ƙarshe ma shi ke da babban rabo a ƙuri'ar da ake kaɗawa don zaɓar matasan 'yan wasa. An yi tsarin ne don a tallafi mai rauni, amma ya buɗe ƙofar da ƙungiya za ta raunana kanta da gangan.

Haka Buffalo ta yi a kakar 2014 zuwa 2015. Akwai wani yaro ɗan Kanada, Connor McDavid, da kowa ya san zai zama gwanin zamaninsa. Sabres ta rabu da ƙwararrunta, ta zo ta ƙarshe. Har ta kai a watan Maris 2015, Arizona ta ci ta a filinta na gida, wasu magoya bayanta suka tashi suna murna, 'yan wasansu na ji. Ku tsaya ku auna wannan a zuciyar matashin da ya zubar da gumi a daren. Da aka kaɗa ƙuri'a, Edmonton ce ta samu McDavid. Buffalo ta ɗauki Jack Eichel a matsayi na biyu, shi ma gwani ne, sai dai an kawo shi gidan da aka riga aka rushe, babu manyan da zai koyi cin wasa a wurinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da aka fara koya wa yaran nan shi ne rashin nasara ba abin tashin hankali ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka bar ƙungiyar. Ryan O'Reilly ya fito fili a 2018 ya ce yawan shan kashi ya sa son wasan yana fita daga ransa. Aka sayar da shi ga St. Louis. Shekara ɗaya tak ya ɗaga kofin Stanley, aka kuma zaɓe shi gwarzon zagayen neman kofin na 2019. Eichel ya ji ciwo a wuya, suka saɓa da ƙungiya kan irin tiyatar da za a yi masa, aka tura shi Vegas a Nuwamba 2021, ya yi tiyatar da yake so, ya ɗauki kofi a 2023. Sam Reinhart ya tafi Florida a 2021, ya zura 57 a kakar 2023 zuwa 2024, kuma shi ya ci wadda ta ba su kofi a wasa na bakwai da Edmonton. Mutum uku, kofi uku, a garuruwa uku. Ashe ba 'yan wasan ne marasa kyau ba.

Sai yawan sauyi. Terry Pegula ya sayi ƙungiyar a Fabrairu 2011, ya ce daga ranar dalilin wanzuwar Sabres shi ne cin kofin Stanley. Na yarda har zuciyarsa ya faɗa, kuma ya zuba kuɗi a farko. Amma bayan an sallami koci Lindy Ruff a 2013, sai aka shiga jeri: Rolston, Nolan, Bylsma, Housley, Krueger, Granato, kowa ya zo da tsarinsa, kafin yara su gane an kore shi. A 2021 sun yi wasa 18 a jere babu nasara. A 2024 aka zagayo aka dawo da Ruff ɗin dai.

Kakar da na fi sa rai ita ce 2022 zuwa 2023. Tage Thompson, dogon nan da aka samo a cinikin O'Reilly, ya zura 47, har da biyar a wasa guda da Columbus. Sabres ta gama da maki 91, Florida ta shige da 92, ta kuma tafi har wasan ƙarshe. Maki ɗaya. A lokacin ne ya kamata shugabanni su ƙaro ƙwararru biyu ko uku da gola mai kwanciyar hankali, amma suka ce a jira yara su girma.

A kakar 2024 zuwa 2025 kuwa watan Disamba ne ya kashe mu. Wasa 13 a jere babu nasara. A ciki akwai daren da suke gaban Colorado da ci 4 da nema a zangon farko, a gida, aka tashi 5 da 4 an doke su. Mai ƙungiya ya bi su har Montreal ya yi musu magana, suka fita aka ci su 6 da 1. A tsakiyar wannan hali ne babban manajan ƙungiyar na lokacin, Kevyn Adams, ya gaya wa 'yan jarida cewa jawo manyan 'yan wasa Buffalo da wuya, domin ba su da itatuwan bakin teku irin na garuruwa masu ɗumi, ga kuma harajin New York. Magoya baya suka fara zuwa fili da itatuwan roba na hurawa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, haraji na rage abin da ɗan wasa ke kaiwa gida. Amma Winnipeg da ke Kanada ta fi Buffalo sanyi nesa ba kusa ba, ita ce kuma ta fi kowa maki a kakar 2024 zuwa 2025. Edmonton ma garin sanyi ne, ta kai wasan ƙarshe a 2024. Mu da muka baro gida muka zo aiki ƙasar nan mun san abin da ke zaunar da ma'aikaci a wuri: a biya shi haƙƙinsa, a mutunta shi, ya ga aikin na tafiya gaba. Ɗan wasa ma haka yake. Ottawa da Montreal, da suke rukuni ɗaya da mu, duk sun sake gini bayan mu, ga su sun shige a 2025, mu muna da maki 79.

Duk da haka akwai abin riƙewa. Rasmus Dahlin ɗan Siwidin, wanda aka ɗauka na farko a 2018, yanzu shi ne kyaftin, kuma yana cikin 'yan bayan da suka fi iya wasa a duniya. Thompson ya zura 44 a kakar 2024 zuwa 2025. Alex Tuch ɗan jihar ne, tun yana yaro Sabres yake goyon baya, kuma ana ganin hakan a yadda yake wasa. Abin da nake roƙo a wannan hutu shi ne kada a sayar da ɗaya daga cikin ukun nan don a samo wasu yara 'yan shekara 18 a ce mu ƙara jira. A sabunta wa Tuch kwantiragi tun da wuri. A kashe kuɗi har iyakar albashin 'yan wasa da dokar gasar ta yarda, wadda a kakar 2024 zuwa 2025 dala miliyan 88 ce, a kawo 'yan baya da suka taɓa buga manyan wasanni, a kuma bar koci ɗaya ya yi aikinsa.

Zagayen neman kofi zan kalle shi, in Allah ya yarda, Winnipeg zan mara wa baya saboda dalilin da na faɗa. Yanzu lokacin fita aiki ya yi, motar kamfani na jira a bakin layi. A bidiyo na gaba za mu je filin ƙanƙara da ke nan cikin Jidda, in nuna muku takalman da yadda ake tsayuwa a kansu. Sai mun haɗu, Allah ya bar zumunci.