Kyaftin ɗin da shekaru suka cim masa a cikin jirgi

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Shekara 36 ke tsakanin fim ɗin Top Gun na 1986 da kashi na biyunsa, Top Gun: Maverick, wanda ya fito a 2022 ya tara kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Rugugin jiragen yaƙi ne ya ja mutane da yawa zuwa kallo. Ni kuwa muƙamin jarumin ne ya tsaya mini a rai. Bayan shekara talatin da ɗoriya a rundunar sojan ruwan Amurka, Maverick, matuƙin jirgin yaƙin da Tom Cruise ya fito a matsayinsa, yana nan a kyaftin. Sa'ansa Iceman ya zama kwamandan rundunar tekun Pasifik. Ga wani na gaba da shi ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa jirage marasa matuƙa sun kusa raba irinsa da aiki.

Duk wanda ya haura arba'in ya san wannan zullumin. Ka ba aiki ƙuruciyarka, rana tsaka a ce yayinka ya wuce, ka koma gefe ka koya wa yara.

Inda fim ɗin ya fi ratsa zuciya babu jirgi ko ɗaya. Ɗaki ne, mutum biyu zaune. Iceman ba ya iya magana sosai, don Val Kilmer da ya fito a matsayinsa ya yi fama da kansar maƙogwaro a gaske. Sai ya rubuta wa abokinsa a kwamfuta cewa lokaci ya yi da zai saki abin da yake riƙe da shi. Maverick, idonsa cike da ƙwalla, ya amsa cewa bai san yadda ake yi ba. Mutumin da bai taɓa tsoron faɗowa daga sama ba, ga shi tsoron ranar da ba aiki ya kama shi.

A nan ne kuma nake da ja da masu fim ɗin. Sun tono ciwon, suka ƙi zama da shi. Daga ƙarshe sun mayar da Maverick cikin jirgi, ya jagoranci da kansa farmakin da aka sa shi ya horar da matasan matuƙa dominsa, ya dawo ana ta sowa. Direba ko akawun da na'ura ta karɓe masa aiki yana ɗan shekara hamsin ba wanda zai sake kiransa ya ceci kowa. Shi ya cancanci a nuna masa yadda Maverick zai wayi gari ranar da ya cire kaki, kuma wannan safiyar ce suka tsallake.