Njamena ta hana ni ɗaga waya, wallahi na ji haushi

Jama'a assalamu alaikum. Kun gan ni a tsakar gida kan tabarma ko, to nan ne kusan kaɗai inda aka bar ni in ɗaga waya yadda raina yake so a garin nan na Njamena, kuma wallahi haushi nake ji. Mutum ya taso tun daga Kano, ya bi ta Yola ya shiga Garwa ya wuce Marwa, ya sha wannan hanyar ta Mora zuwa Kusuri wadda har yanzu ƙuguna bai dawo daidai ba, ya iso zangon ƙarshe inda abin kallo ya fi yawa, sai duk inda na zaro waya mai masaukina ya riƙe min hannu, "mutumina mayar da ita aljihu." A gada, mayar. Kusa da fadar shugaban ƙasa, kar ma ka kalli wajen da yawa. Inda duk ka ga mai kaki, mayar. To ni me zan nuna muku kenan?

Kuma fa gaskiyarsa, ba wai tsoro ne ya yi masa yawa ba. Ina gaya muku tun yanzu, wanda duk zai zo Chadi kada ya ɗauki hoton gadar Ngeli, wadda ake tsallakowa daga Kusuri a kan kogin Logon, kada ya ɗauki ginin gwamnati, ko a kasuwa ma ka tambayi mutum kafin ka saita shi. Ka ƙi ji, ranarka ce za ta tafi a bayani.

Abin da ya fi ƙona min rai jiya ne da yamma. Mun je bakin kogin Shari shan iska, ni na gaji ma so nake in kwanta amma mutanen gidan nan ba sa barin baƙo ya huta, sai wani yaro ya nuna can tsakiyar ruwa, na zaci dutse ne, sai dutsen ya buɗe baki. Dorina! A cikin babban birni fa, ga motoci suna wucewa a bayanmu, ga masu kwalekwale suna harkarsu ko a jikinsu. Hannuna har rawa yake, amma inda muka tsaya ba wurin kyamara ba ne. Sai dai ku yarda da maganata kawai.

A nan bakin ruwan ne baban abokina mai masaukina, dattijo ne mai labari, ya nuna min tsallake ya ce "ɗana, ka san can ne aka kashe Rabe?" Na ce Baba wane Raben? Ya ce Raben da kuka sani, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa. A Kusuri Faransawa suka gama da shi a watan Afrilun 1900, kuma kwamandansu Lami shi ma a wannan yaƙin ya mutu, shi ya sa aka sa wa garin nan suna Fort Lamy, sai a 1973 aka mayar da shi Njamena. Kai jama'a. Ni na kwana a Kusurin nan ina ta mitar sauro da zafi, ashe a kan tarihi nake kwance. Baba ya ƙara min da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya zauna a Balda can wajen Marwa ya kuma auri 'yar Rabe, kun ga har Sakkwato labarin ya taɓo. Shi kansa Baban, kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai je Makka ta hanyar Abeshe da Sudan, guzuri ya ƙare a nan, ya tsaya neman na gaba, aka ba shi mata, shi kenan. Yau jikokinsa Hausa a gida, Larabcin Chadi a kasuwa, Faransanci a makaranta, ni kuwa da Hausata ɗaya tal na ratso ƙasa uku ban kwana da yunwa ba, ku bar ni in ɗan yi alfahari.

Inda na samu sauƙi shi ne Gawi, wani ƙauye ne na ƙabilar Kotoko a bayan gari, ba nisa. Can kam an bar ni na ɗauka bayan na nemi izini, za ku gani a bidiyo na gaba. Gidajen ƙasa ne matan garin suke yi wa zane da launi a bango, ga tukwane da randuna jere a rana suna bushewa, kuma tsohon gidan sarki shi aka mayar gidan tarihi, an ajiye kayan mutanen Sao da aka ce su ne suka fara zama a yankin, wai ƙatti ne. Ya yi kyau ƙwarai, amma dan Allah wanda ya taɓa tsayawa gaban Gidan Makama ko ƙofar fadar Kano ba zai rikice ba. Na faɗa wa abokina haka ya ce Bakano dai ba ya canzawa.

Gidan tarihi na ƙasa ma mun leƙa, akwai ɓangaren Tumai, ƙoƙon kan wata halitta mai kama da mutum da aka tono a hamadar Jurab a 2001, masana suka ce ya kai shekara miliyan 7. Na saurara dai, Allah ne masani. Daga nan muka yi la'asar a babban masallacin Sarki Faisal da ke kusa da babbar kasuwa.

Maganar kuɗi kuma ku buɗe kunne. Sefar nan ba irin ta Nijar ba ce, tasu ɗaya da Kamaru, kada ka ɗebo ta Damagaram ka zo kana cika baki. Sannan lissafin kasuwa da riyal ake yi, riyal ɗaya sefa biyar, daidai da yadda mutanen Nijar ke lissafi da dala, idan ɗan acaɓa, su kilando suke cewa, ya ce maka ɗari to ɗari biyar yake nufi. Kuma garin da tsada wallahi, naira ba ta da ƙarfi a nan ko kaɗan, da otal na sauka da tuni na koma gida a ƙasa. Allah ya saka wa uwargidan nan da alheri, tun da na zo ban sayi ko shayi ba, kullum tuwo da miyar kuɓewa da kifi banda, da dare a fita cin gasasshen naman raƙumi, na jaka ɗaya, wato sefa dubu, ya ishe ni har na bari. Zoɓonsu ma da suke ce wa karkanji ba laifi, sai dai sukari kamar ba da kuɗi ake saye ba. Amma ni yanzu gurasa bandasho nake mafarki, da ƙuli da yaji, irin wadda ake ci a tsaye a bakin Kwari.

Gobe in Allah ya kai mu kasuwar Dembe za mu je in yi tsaraba, Hajiyata ta yi waya ta ce kar in kuskura in dawo ba turaren wuta da humra, kuma aljihun ya riga ya yi ƙasa. Ga shi can ma ana kira na, an sauke abinci, sai mun haɗu.