Ɗan Sanda Ɗan Babban Gida: Tattaunawa Kan Sufeto Alleyn

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ni da Malam Bashir za mu tattauna kan labaran binciken kisan kai da suka yi tashe a Ingila tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, musamman waɗanda jaruminsu ɗan sanda ne kuma ɗan babban gida. Malam, me ya sa ka zaɓa mana Sufeto Roderick Alleyn?

Bashir: Wa alaikumus salam, Malama. Na zaɓe shi ne domin a jikinsa siffar ta fi fitowa sarari. Marubuciya Ngaio Marsh, 'yar ƙasar New Zealand, ta fara gabatar da shi a 1934 cikin littafin A Man Lay Dead, ta kuma rubuta littattafai 32 a kansa kafin rasuwarta a 1982. Ta sa ya yi karatu a Eton, makarantar 'ya'yan manya, wansa yana riƙe da sarautar gado, shi kuwa ya yi soja, ya taɓa aiki a ma'aikatar harkokin waje, sannan ya ajiye duk wannan ya shiga aikin ɗan sanda a Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan.

Hadiza: Alhali kafin lokacin, mai basira a irin waɗannan labarai galibi mai zaman kansa ne, kamar Sherlock Holmes, ɗan sandan gwamnati kuma sai dai ya biyo baya yana tsintar abin da aka bari.

Bashir: Haka ne, kuma abin yana da tushe a tarihi. A 1860 an kashe wani yaro ɗan shekara uku a gidan Road Hill, gidan masu hali, aka turo jami'i Jonathan Whicher daga Landan, wanda mahaifinsa mai aikin lambu ne. Ya lura cewa rigar barcin Constance Kent, yayar yaron mai shekara 16, ta ɓace daga cikin kayan wanki, ya sa aka kama ta. Jaridu suka yi masa caa, suna ganin rashin kunya ne ɗan talaka ya shiga gidan mutunci yana ƙirga tufafin 'yan mata. Aka sake ta, martabarsa ta zube, sai a 1865 ta amsa laifin da bakinta. Matsalar ke nan da Marsh ta warware: Alleyn ta ƙofar gaba yake shiga, ya san yadda ake gaisawa da yadda ake zaman cin abinci a gidajen, don haka babu mai iya tsorata shi da sarauta.

Hadiza: A nan nake da ja, Malam. Duba yadda ake raba aikin: Alleyn yana falo da masu gida, mataimakinsa Sufeto Fox yana madafa yana shan shayi da kuku da barori, yana lallaɓa su har su saki baki. Littattafan ba su ƙalubalanci wannan tsari ba, sun karɓe shi hannu bibbiyu, kamar suna cewa babba ba ya amsa tambaya sai daga bakin tsaransa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin da irin Whicher ne aka ba wa wannan daraja, da adalcin ya fi cika.

Bashir: Ban musa miki ba, kuma ba marubuta kaɗai suka yi wannan tunani ba. A dai 1934 ɗin ne Lord Trenchard, shugaban 'yan sandan Landan, ya buɗe kwalejin Hendon domin ya jawo masu ilimi kai tsaye zuwa manyan muƙamai. Amma ina so a yi wa Marsh adalci. Alleyn ba don nishaɗi yake bincike ba. Yana tafe da mai ɗaukar zanen yatsu da mai ɗaukar hoto, dole ya tara hujjar da kotu za ta karɓa, ya kuma san cewa wanda ya kama rataye shi za a yi, tunda sai a 1965 Birtaniya ta dakatar da wannan hukunci kan kisan kai. A littafin Death in a White Tie na 1938, wanda aka kashe amininsa ne, waɗanda ake zargi kuma mutanen da yake haɗuwa da su a wuraren liyafa ne, amma bai ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Hadiza: Wannan littafin kam na yarda da shi, domin a cikinsa asalin Alleyn ya zame masa nauyi, dole ya titsiye mutanen da suka san mahaifiyarsa. Duk da haka ina nan kan bakana game da Fox, kuma ina roƙon a mako mai zuwa mu ware masa shirin baki ɗaya.

Bashir: Na amince, Malama. Sai mu haɗa da Adam Dalgliesh, ɗan sandan da ke cikin littattafan marubuciya P. D. James, wanda ya bayyana a 1962, mu ga ko rabon aikin ya sauya.